Zirin Gidanmu Ya Daina Gumi

Asabar, 3 ga wata na takwas, 1996. Da hantsi.

Zirinmu, babbar randar ruwan shanmu, ya daina gumi. Da safe na je ɗauko kwanon da muke ajiyewa a ƙarƙashinsa, na tarar da shi a bushe ƙayau, tururuwa na yawo a ciki. Na shafa jikin randar da tafin hannu, sai na ji kamar bango na shafa. Tun da aka kawo ni gidan nan zirin yake tsaye kan ƙarfensa a gindin dogonyaro, yana tsatsafo yana ɗiga, bai taɓa yi mana haka ba.

Ruwan da ke ɗiga a kwanon shi ne ruwan manya a gidan nan. Gogo, mahaifiyar maigidan, ba ta shan wani sai shi, wai ƙasar zir ta tace shi tas. Ita da jikarta suke rabawa. Jikar tata 'yata ce ta fari, shekararta huɗu, kuma ba na kiran sunanta. Gogo ta kafa mini wannan doka tun ranar suna, ta ce kunyar ɗan fari ba ta san Umdurman da muke zaune ba, ba ta san Makka ba. Yau su biyun daga bakin zir suka sha kamar kowa, Gogo na sha tana tsaki.

"Damina ce," in ji ta. "Iska ta jiƙe, ina zir zai ga wurin yin gumi?"

Na ce to. Amma ai bara ma an yi damina.

Ruwan kuma ɗumi-ɗumi. Ƙanena Labaran ne ya kawo shi jiya a karonsa, keken jakin da yake sayar da ruwa da shi, kamar kullum. Famfon unguwarmu Umbadda dai yanzu shanya kawai muke yi a kansa, tun kafin azumi bai ɗigo ba.

Lahadi, 4 ga wata. Bayan la'asar.

Na shiga wajen maƙwabciyata Sittana da sunan aron rariya. Zirinta na je gani. Jiƙe yake sharkaf, har da gansakuka, kwanon ƙasa ya cika yana malala, kaji na sha. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, iskar da ta jiƙe a gidanmu ita ce a nata.

Ta kama ni ina shafa shi. "Ya Kubra, aurensa za ki yi ne?"

Na yi dariya na ba ta labari. Ta ce ƙila tsufa ne, zir ma yana tsufa kamar mace, a kankare shi a yi masa turare ya dawo amarya.

Sittana ba ta sayen ruwa a wajen Labaran. Tun da jakinsa ya cinye mata wake a ƙofar gida suka ɓata, wani dattijo ne ke kawo mata daga rijiyar masallaci. Na rubuta wannan ne kawai don ya zo mini a rai.

Talata, 6 ga wata. Da azahar.

Na kwashe ruwan, na kwantar da zir, na shiga cikinsa har kafaɗa da guntun jan bulo da soso. Abin mamaki, cikinsa santsi. Yauƙin gansakuka na san shi, wannan daban ne, santsi mai kama hannu, irin na kwanon da aka ci miyar mai aka ɗauraye da ruwan sanyi. To wa ya kai mai cikin zir? Moɗarsa daban, murfinsa daban, ludayin miya bai taɓa kusantarsa ba. Na sha bugun hannun yarinyar a kan haka.

Na shanya shi, na kifa shi kan garwashi da itacen turare. Gogo na zaune kan angarib, gadonta na igiya, tana jan carbi tana kallona. Ta ce, "Ke 'yar nan, kaza mai yawan tone-tone ita ke tono wuƙar yankanta." Na ce Gogo ni zir kawai nake wankewa.

Laraba, 7 ga wata. Da safe.

Ya yi gumi. Na kira Gogo ta taɓa da hannunta.

Juma'a, 9 ga wata. Da safe.

Ya daina.

Lahadi, 11 ga wata. Bayan magariba.

Yarinyar ba lafiya tun jiya. Amai, ciwon kai, ga miyau na zuba kamar mai haƙoran farko. Da na buɗe idonta a haske na ga ƙwayar ta ƙanƙance kamar ƙwayar gero. Ban taɓa ganin zazzaɓi ya yi wa ido haka ba, na daɗe ina kallo har ta ture hannuna.

Na goya ta zuwa markaz, ɗan asibitin unguwa. Layi har waje. Ga matar Idirisu mai walda da jaririnta a kafaɗa, ga yaran mai shagon kwana, ga tsohuwa Khadiga jikanta na riƙe da ita. Ina ta gaisawa, ina ta gaisawa, sai na lura kusan duk wanda na gaisar daga layinmu yake ko layin bayanmu. Daga gidan Sittana babu kowa.

Mai duba marasa lafiya ya ce malariya ce, ya rubuta allura. Kowa malariya. Da damina ba a musu da malariya. Sai da na juya zan fita ya tambaye ni ruwan ina muke sha. Na ce na karo, kamar kowa.

Talata, 13 ga wata. Da hantsi.

Na kai kisra, siririyar gurasar dawa, kasuwar Suk Libya na sayar, a hanyar dawowa na sayi ƙananan tuluna biyu sababbi, wajen mace ɗaya, ƙonuwa ɗaya. Na cika ɗaya da ruwanmu, ɗayan da ruwan da na roƙa wajen Sittana, na jera su a inuwa ɗaya bayan kicin. Gogo ta zo ta tsaya a kansu. Ta tambaye ni ko wani malami ne ya ba ni wannan aikin, in kuwa haka ne ta ce in gaya mata sunansa. Na rantse mata ba tsibbu ba ne. Ta ce to mene ne? Na ce so nake in gani. Ta ce in ga me?

Yarinyar ta ɗan ji dama, ta sha kunu.

Alhamis, 15 ga wata. Da yamma.

Tulun ruwan Sittana na gumi. Namu ya yi a ranar farko, yanzu ya bushe daga wuya zuwa ciki. Da na karkata shi ga rana, na ga wani launi na yawo a saman ruwan, kore da shuɗi, kamar wuyan tattabara. In ka hura shi ya watse, in ka bar shi ya sake haɗuwa. Wallahi yana da kyau a ido. Na yi ta hurawa kamar yarinya.

Maigidan ya zo daga Aljirif, wajen gasa bulo, jikinsa duk toka. Na nuna masa. Ya ce man injin rijiya ne, kowace rijiya haka take, in ba shi abinci. Na ba shi.

Ina tafasa masa shayi na buɗe buta, tururi ya daki fuskata, sai na tsaya. Na san warin nan. Man inji na san shi, kananzir na san shi, wannan ba su ba ne. Na rufe, na sake buɗewa. Sai ga ni a Jazira, a kambo, sansanin ma'aikatan gona inda aka haife mu, ranar da jirgi ke zuwa feshin auduga. Baba na gudu da tabarma yana rufe randuna, yana yi mana tsawa mu shige bukka. Washegari kifaye su taso saman ruwan tur'a, magudanar ban-ruwa, ciki sama, yara na tsinta a kwando, mu Baba ya hana mu ci. Na yi shekaru ban tuna wannan ba.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Amma me ya haɗa Umbadda da auduga?

Asabar, 17 ga wata. Da safe.

Labaran ya zo tun rana ba ta yi zafi ba, yana buga gangar ruwansa da sanda kamar yadda ya saba. "Yaya, a kawo bokiti." Ni na goye shi a kambo bayan rasuwar Inna, har yau ba ya kallon idona in yana magana, kuma bai taɓa yarda ya karɓi ko sisi a hannuna ba a kan ruwa.

Na ce gangar nan ta yi kyau. Ya washe baki. Ya ce sai yau na lura? Tsohuwar ta ruɓe da tsatsa, ƙarshen watan jiya ya haye Khartum, Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ya samo ganguna biyu a bayan wani gareji, masu kauri, irin waɗanda ba sa tsatsa. Aka haɗe su da walda, ya shafa koren fenti da hannunsa, ya sa aka rubuta masa Ya Razzaƙ a gefe.

"Me aka zuba a ciki da?" na tambaye shi.

"Oho, Yaya. Na wanke da garin sabulu har hannuna ya saɓule. Wani abu ne dai ya daskare a gindin, ya ƙi fita, shi ma zai gaji."

Ya shiga gaida Gogo. Ni kuwa na durƙusa kamar mai gyaran takalmi, na leƙa ƙarƙashin gangar inda fenti bai kai ba. Akwai rubutun Nasara da ban iya karantawa ba. Akwai hoton curin auduga da tsutsa a kai. Kusa da shi akwai rabin wani hoton, ƙoƙon kan mutum da ƙashi a gicciye, walda ta cinye sauran.

Da ya fito ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce ƙafata ce. Na riƙe masa bokiti ya tsiyaya, na kai na juye a zir. Na lura igiyar jakin na rawa a hannunsa, na ce ko bai karya ba ne, na naɗo masa kisra.

Lahadi, 18 ga wata. Da azahar.

Na roƙi Sittana ta riƙa miƙo mini jarka ɗaya ta kan katanga kullum. Ina ajiyewa a ɗaki bayan akwati, daga ciki nake ba yarinyar, daga ciki nake cika wa Gogo butarta kafin ta tashi. Zir yana nan cike yadda kowa ya saba ganinsa. Ban ce wa kowa komai ba. Sittana ma ba ta tambaya ba, kallona kawai ta yi.

Abin da na kasa ganewa, yaya abu zai yi ta fita kullum bai ƙare ba? Gangar nan ana cika ta ana juyewa tun safe har yamma.

Talata, 20 ga wata. Bayan la'asar.

Mutumin lajna, kwamitin unguwa, yana bin gidaje yana tambayar wa ke kwance. Ana cewa in aka gano mai karon da ya jawo abin, za a ƙwace jaki da karo a miƙa shi ga 'yan sanda. Labaran ba shi da katin hidimar soja. Duk saurayin da ya shiga hannu ba kati, an san fagen yaƙi motar ke kai shi, kuma Ni'mat matarsa cikinta ya tsufa.

Sittana ta leƙo ta katanga, ta rage murya. "Ya Kubra, ni ba jaka ba ce. Ke kin tsare 'yarki. Matar Idirisu fa, da ruwan wa take dama wa jaririnta madara?"

Na ce ban tabbatar ba tukuna. Tulu biyu da wari ba hujja ba ne.

"To me ya sa kike shan nawa?"

Na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce ba ta ce in yanke ba, cewa ta yi in yi magana, in kuma na kasa ita bakinta lafiya lau. Na ji haushinta ƙwarai, har na so in mayar mata da jarkarta. Ban mayar ba.

Laraba, 21 ga wata. Da safe.

Gobe zan gaya masa.

Alhamis, 22 ga wata. Da safe.

Ya zo, ya zuba, ya tafi. Ya kawo wa yarinyar dabino.

Asabar, 24 ga wata. Da yamma, a asibiti.

Jiya na tafi kasuwa na bar su su biyu. Yarinyar ta ce yunwa, Gogo ta dama mata kunu, ta ba ta ruwa ta ƙara mata. Daga zir. Ina za ta san da jarkar bayan akwati?

Na dawo na tarar da ita a tabarma tana fizge-fizge, kumfa a baki. Ban san lokacin da na ce Hala ba. Hala, Hala, a gaban Gogo, a gaban duk matan da suka shigo. Gogo ba ta tsawatar mini ba, ita ma sunan take kira.

Mai shagon kwana ya kawo mu babban asibiti a motarsa. Likita mace ce, ta buɗe idon yarinyar, ta shinshina bakinta, ta juyo ta ce, "Akwai maganin ƙwari a gidanku?" Na ce ba ma ajiyewa. Ta ce, "Ya hajja, ki yi tunani da kyau, allurar da zan yi mata ta danganta da amsarki." Na gaya mata hoton da na gani. Ban gaya mata a jikin me na gan shi ba, ita ma ba ta tsaya tambaya ba, ta ruga.

Lahadi, 25 ga wata. Da hantsi.

Ta buɗe ido. Ƙwayar ta dawo girmanta, na duba sau da yawa. Maigidan ya zo, na gaya masa komai a bakin baranda. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Tun yaushe kika sani?" Ya koma ciki ya zauna kusa da ita.

Litinin, 26 ga wata. Da azahar.

Na bar Gogo a asibiti na zo gida da sassafe don in tare shi. Na so mu yi a cikin gida, amma na tarar da shi a kan layi, mata sun kewaye karon da bokitai. Na ce Labaran zo mu shiga. Ya ce bari ya sallami mutane. Matar mai shago ta miƙa bokitinta, sai na riƙe bakin tiyon da hannuna.

"Kar ka zuba. Gangar nan ce. Maganin feshin auduga aka zuba a cikinta, shi ne ya daskare. Shi ya kwantar da yarinyar."

Karon farko a rayuwarsa ya kalli tsakiyar idona.

"Yaya, ni? Ni zan ba 'yarki guba?"

Na ce ban ce ka sani ba. Bai saurare ni ba. Ya ciro gwangwanin da ke rataye a karon, ya tara, ya shanye. Ya sake tarawa ya shanye. Ruwa na bin gemunsa yana jiƙa jallabiya. Ya ce kullum shi yake fara sha kafin kowa, tun ranar farko, ga shi tsaye. Na kama hannunsa ya fizge, ya ƙara na uku. Hannun na rawa har gwangwanin na buga haƙoransa.

Mata suka ɗauki bokitansu wayam, ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya yana kallonsu suna shiga gidajensu. Sai ya juya jakin. Bai yi mini sallama ba.

Na shiga gida na kwantar da zir na tsiyaye shi a bayan katanga. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 28 ga wata. Da safe.

Bai zo ba. Dattijon Sittana ne ke bin layin yanzu, ruwansa ba ya kaiwa ƙarshe.

Alhamis, 29 ga wata. Bayan la'asar.

An fitar da jaririn gidan Idirisu. A hannu aka ɗauke shi, ba a nemi makara ba. Na kai ƙofar na kasa shiga.

Juma'a, 30 ga wata. Da yamma.

An sallamo mu. Ta ci kisra da miyar kuɓewa, ta nemi ƙari, ta yi faɗa da kaza. Mutumin lajna ya zo ya tambayi inda Labaran yake zaune. Gogo ce ta fita. Ta ce masa ita tsohuwa ce, ba ta gane Larabcinsa, ta yi ta gaishe shi da Hausa har ya gaji ya tafi. Gogo da ke ciniki da Larabawa a kasuwa har su ba ta haƙuri.

Asabar, 31 ga wata. Da azahar.

Na tafi wajensa, can ƙarshen Umbadda inda gidaje ke ƙarewa. Na cika kwalba da ruwan Sittana na ɓoye cikin mayafi. Duk hanya ina jin kunyar kwalbar nan, in je gidan mai ruwa da ruwana.

Jaki na ɗaure, karon na jingine. Gangar kuwa an farke cikinta daga wannan kai zuwa wancan. Ni'mat ta ce shi ya yi da gatari ranar Talata da asuba, ya tashi ya hau sara, da ya gama ya leƙa ciki ya daɗe, ya zo ya kwanta. Tun ranar yake amai. Ya ƙi zuwa markaz saboda maganar kati. Ni ma na leƙa. Abin yana nan a gindin, kauri kamar ƙanzon tuwo, ruwan ƙasa-ƙasa, ko rabinsa bai narke ba.

Na same shi kan tabarma, ya rame, leɓɓansa sun bushe. Na zauna. Na ce likitar da ta duba yarinyar ba ta tambayar kati, maigidan zai zo da mota bayan la'asar, kuma ba shawara nake ba shi ba. Bai musa ba. Ya tambayi jikin yarinyar, na ce ta warware har tana korar kaji. Ya rufe ido ya ce alhamdulillahi.

Ya ce ƙishirwa. Ni'mat ta nufi zirinsu da moɗa, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Ba wannan ba. Yaya, ba ki zo da naku ba?"

Na fito da kwalbar. Na tallafo kansa kamar yadda nake yi a kambo, na kai masa baki. Kafin ya sha ya riƙe wuyan hannuna.

"Tsohuwa Khadiga fa?"

Na ce ta tashi.

"Yaran mai shago?"

Na ce suna makaranta.

"Jaririn gidan Idirisu fa? Ran nan uwarsa ta ce in cika mata har da na dama madara."

Na ce masa ya sha ruwan tukuna.